Ina hasken ya fito, kan wa ya sauka?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zane ne. An ba mu aikin nazarin zane-zanen addinin Kirista na Turai, na duba wasu a waya, musamman na Caravaggio da Rembrandt, sai na ga rabin hoton baƙi ne ƙirin. Ana ta cewa hasken cikinsu ne abin yabo, wai har suna sa mutum natsuwar ibada. Ni dai duhu nake gani. Me zan duba? Kuma masu su bauta musu suke yi?

Ɗan'uwa, idonka lafiya lau yake, wayar ce ta cuce ka. Zanen Caravaggio da ya fi suna, wanda ake kira Kiran Matiyu, tsayinsa ya haura mita 3, faɗinsa ma haka, kuma tun shekarar 1600 yake kafe a bangon hagu na wani ɗan ɗakin addu'a cikin cocin San Luigi dei Francesi a birnin Roma. Kai kuwa ka matse shi ya koma kamar akwatin ashana, wataƙila ma da rana tsaka kake kallonsa a gindin bishiya. Ai dole duhu za ka gani. Ranar da na je cocin, ɗakin kansa da duhu na same shi. Akwai wani akwati a gefe da ake jefa tsabar kuɗi, fitila ta kama na ɗan lokaci ta mutu, mutane sun yi cirko-cirko kowa na jiran wani ya jefa. Na yi dariya a raina, domin zanen da muke ƙyashin biya mu gani labarin mutumin da aka raba da kuɗi ne.

Labarin aya ɗaya ce tak, Bisharar Matiyu sura 9 aya 9: Yesu na wucewa ya ga wani mutum mai suna Matiyu zaune a wurin karɓar haraji, ya ce masa "Bi ni," mutumin ya tashi ya bi shi. Caravaggio ya zaunar da mutum biyar a tebur ana ƙirgar kuɗi, cikin tufafin 'yan birni na zamaninsa, har da huluna masu gashin tsuntsu da takobi a ƙugu. Daga dama mutum biyu sun shigo ba takalmi, sanye da mayafai irin na mutanen da. Bitrus, almajirin Yesu, shi ne a gaba, ya ba mu baya, ya kusa tare Yesu gaba ɗaya. Yesun da za ka yi tsammanin gani a tsakiya yana ƙyalli, an tura shi gefe cikin inuwa, da'irar hasken da ke kansa siririya ce kamar zare, sai ka ƙura ido kafin ka gan ta. Hannunsa ne ya fito fili, a miƙe, yatsan a sake, ba ƙarfi ba barazana. Sai wani haske da ya keto daga sama ta bayan kansa, ya yanki bango a karkace ya sauka kan fuskokin masu tebur.

Ga abin da nake so ka riƙe, don da shi za ka karanta kusan duk zanen da aka ba ku: ina hasken ya fito, kuma kan wa ya sauka? A wannan zanen akwai taga babba a bango, amma a dushe take, ba ta ba da komai. Sandunan da suka raba ta huɗu sun yi siffar gicciye daidai saman hannun Yesu. Hasken da ke aiki tare da baƙon ya shigo. Kuma mai zanen ya auna wurin da za a kafa aikinsa: tagar ɗakin ta ainihi tana saman bagade, ta ɓangaren da hasken zanen ya fito, saboda haka wanda ya tsaya addu'a a wurin zai ji kamar rana ɗaya ce ke dukansa da mutanen tebur. Yanzu duba waɗanda hasken ya sauka kansu. Uku sun ɗago kai. Biyu ko gezau: wani tsoho mai tabarau da ya sunkuya kan kuɗin, da wani saurayi a ƙarshen tebur da ya dunƙule kansa yana jawo tsabar da yatsu. Haske ɗaya ya taɓa su duka, amsar kowa daban. Wa'azin ke nan, kuma ba a rubuta ko harafi ba.

Italiyawa suna kiran wannan salo kiyaroskuro, wato haske da duhu, amma kai ba baƙonsa ba ne. Ka tuna kasuwar dare lokacin da ba wuta, mai tsire da aci-balbal ɗinsa: rabin fuskarsa ja wur, rabin ya ɓace, wuƙa da hannu kawai kake gani, duk hayaniyar da ke bayansa duhu ya haɗiye. Idonka ba shi da zaɓi sai ya je inda fitilar ta ce. Haka Caravaggio ya yi da gangan. Yakan fara shafe ƙyallen da launin ƙasa mai duhu, ya tsayar da mutane na gaske a ɗaki ya haska su ta gefe ɗaya daga sama, sannan ya tono su daga duhun da farin fenti na dalma. A 1605 matar da yake haya a gidanta ta kai ƙararsa kan kuɗin haya da kuma lalata rufin ɗaki, wasu masana na zaton huda shi ya yi don haske ya sauko yadda yake so. Mutum ne mai rigima ƙwarai. A 1606 ya kashe wani a faɗa ya gudu daga Roma, ya yi ta yawo tsakanin Napoli da Malta da Sisili har ya mutu a 1610 bai cika shekara 40 ba. Ina faɗar wannan ne don kada ka ɗauka sai waliyyi ke zanen da ke sa wasu kuka.

Ba da duhu aka fara ba kuwa. Kusan shekara dubu kafin Caravaggio, kuma har yau a cocin Otodoks na Girka da Rasha, hasken Allah zinariya ce. Ana buga ta ta yi siriri fiye da fatar albasa, a manna a kan katako, a zana waliyyi a kai da launin da aka kwaɓa da gwaiduwar ƙwai. A irin waɗannan hotuna ba za ka ga mutum ya jefa inuwa a ƙasa ba, domin ba a nufin akwai rana ko fitila a wani gefe; wurin da ake nunawa ba dare a cikinsa. Mai zanen ma daga launi mai duhu yake farawa, yana ƙara mai haske a kai sannu a hankali, har fuskar ta zama kamar daga ciki take haskakawa. Idan ka ga hotonsu a littafi sai ka ce rawaya ce kawai aka shafa. Amma an yi su ne don hasken kyandir da fitilar mai: harshen wuta na rawa, zinariyar na amsawa, bangon duka ya yi kamar yana numfashi. Haka ƙananan duwatsun gilashi da zinariya da aka jera a bangon cocin San Vitale na Ravenna tun ƙarni na 6, ba a daidaita su sumul ba, kowanne da ɗan karkatarsa, don haske ya yi ta tsalle a kansu.

Da masu zanen Turai suka koyi zana ɗaki da taga da inuwa kamar yadda ido ke gani, sai suka shiga matsala: in komai ya zama na duniya, ta ina za a nuna abin da ba na duniya ba? Dabarun da suka samo su ne daɗin wannan fanni. Wani zanen ƙasar Filandas na wajen 1427, wanda yanzu yake New York, ya nuna mala'ika ya zo wa Maryamu da albishir a falo irin na 'yan kasuwa. Ta wata 'yar taga hasken rana ya shigo ɗauke da ɗan jariri ƙanƙani riƙe da gicciye, gilashin bai fashe ba, kyandir ɗin da ke kan tebur kuwa yanzu ya mutu yana hayaƙi. Mutanen lokacin sun san karatun: kamar yadda haske ke ratsa gilashi bai fasa shi ba, haka ta ɗauki ciki tana budurwa. Wata dabarar ta fito daga wahayin da wata waliyyiyar Kirista, Birgitta ta Suwidin, ta ce ta gani a Baitalami a ƙarni na 14, cewa hasken jariri Yesu ya dushe kyandir ɗin Yusufu, mijin Maryamu. Daga nan aka shiga zana haihuwar da dare, jaririn shi ne fitilar. A zanen Geertgen na wajen 1490 da ke Landan, fuskar uwar da ta mala'iku daga komin dabbobi suke samun haske. A na Correggio da ke Dresden wata mata har ta ɗaga hannu tana kare ido. Ayar da ke bayan duk wannan ita ce ta Bisharar Yohanna inda Yesu ya ce "Ni ne hasken duniya."

Wanda na fi so a wannan layi Bafaranshe ne, Georges de La Tour, da ya rayu daga 1593 zuwa 1652, aka manta da shi sarai sai a 1915 wani masani Bajamushe ya tono sunansa. Nemi zanensa na Yusufu kafinta da ke gidan tarihi na Louvre a Paris. Tsoho ya sunkuya yana huda gungumen katako, yaro, wato Yesu, na zaune ya riƙe masa kyandir, ya kare harshen wutar da ɗaya hannun. Hasken ya ratsa yatsun yaron sun yi ja, kamar yadda muke ɗora tafi a kan tocila muna yara mu ga jini. Har dattin farcensa ana gani. Ba mala'ika, ba da'irar haske, wanda bai san labarin ba zai ce almajirin kafinta ne da ubangidansa. Sai ka lura da siffar abin hudar da katakon da ke ƙasa, ka ga gicciye ne ke haɗuwa, ka koma ka ga yadda tsohon ke kallon yaron.

Batun bauta kuwa, su kansu Kiristoci sun daɗe suna fafatawa a kai, har da zub da jini. A daular Rumawa ta gabas an yi ta farfasa hotuna a ƙarni na 8 da na 9, rikicin bai kwanta ba sai 843. Ɗaya daga manyan masu kare hotunan, Yohanna na Dimashƙu, a ƙarƙashin mulkin Banu Umayya ya yi rayuwarsa, inda hannun sarkin Rum ba ya kai masa. Taron manyan limamai da aka yi a Nikiya a 787 ya yanke cewa bauta ta Allah ce shi kaɗai, hoto girmamawa ake yi masa, kuma girman yana wucewa ne zuwa ga wanda aka zana, kamar mai sumbatar hoton mahaifiyarsa da ta rasu, kowa ya san ba takarda yake so ba. Tun kafin haka, wajen shekara ta 600, Paparoma Gregori na Farko ya rubuta wa wani bishop na Marseille da ya farfasa hotuna cewa abin da rubutu yake ga mai karatu shi ne hoto ga wanda bai iya ba. Matsayin Katolika da Otodoks ke nan. Mabiya Calvin, wani jagoran 'yan Furotesta, ba su yarda ba; a 1566 aka bi coci-coci a ƙasashen Holan ana rushe gumaka da hotuna, aka shafe bango da farar ƙasa. Wannan rabuwar ta iso har nan: shiga cocin Katolika a Jos ko Kaduna za ka tarar da hotuna 14 na Hanyar Gicciye jere a bango, shiga na ECWA da wuya ka ga zane. Musulmi kuwa akasari ba ya zana annabawa, Annabi Isa na cikinsu. Abin da zai taimaki ɗalibi ko wane addini yake bi shi ne sanin cewa masu zane irin su Caravaggio mutanen unguwa suke tsayarwa su zana, ba kamannin kowa na ainihi suke da'awar kawowa ba.

Tun kafin rushe-rushen Holan, Katolika sun mayar wa masu sukar hotuna martani a taron limamai na Trent, wanda a 1563 ya tabbatar da hotuna amma ya ce su koyar, su motsa zuciya, a bar ado na banza da abin da zai tada sha'awa. A cikin wannan iskar Caravaggio ya tashi, shi kuma ya kai abin inda wasu limaman ba su so ba. A cocin Sant'Agostino, tafiyar mintuna kaɗan daga Kiran Matiyu, ya zana Maryamu tsaye a bakin ƙofa da yaro a hannu, talakawa biyu masu ziyara sun durƙusa gabanta. Abin da ke daidai da fuskarka in ka tsaya gaban zanen tafin ƙafar namijin ne, dukun-dukun da ƙurar hanya. Masu kuɗi sun ga ƙazanta. Wanda ya tako daga ƙauye ya ga ƙafarsa ce a kan bagade, kuma haske ya sauka a kanta kamar yadda ya sauka kan wuyan Maryamu.

In kana son ganin ƙarshen wannan tunani, duba aikin Matthias Grünewald na Isenheim, da aka gama wajen 1516, yanzu yana Colmar a Faransa. An yi shi ne don asibitin wasu 'yan zuhudu masu jinyar cututtukan fata, musamman wadda ake kira wutar Antoni, da ke kama wanda ya ci hatsin da ya yi fumfuna har gaɓoɓi su ruɓe. Zanen mai fukafukai ne kamar ƙofar kabad. A rufe, Yesu ne a kan gicciye ƙarƙashin sama baƙa, jikinsa ya yi kore-kore, ko'ina miki da ƙaya, yatsu a murɗe. Majinyaci ya ga fatarsa. Ranakun biki sai a buɗe, a ga jikin nan ya tashi daga kabari cikin ƙwallon haske ruwan lemo da rawaya, fatar sumul, fuskar na narkewa cikin hasken, raunukan na ƙyalli. Wanda ya shekara yana kallon na farkon ne kaɗai zai san nauyin na biyun, shi ya sa nake jin haushin littattafan da ke buga ɗaya su bar ɗaya.

Rembrandt daban yake, domin a Holan ta 'yan Furotesta ya rayu, inda coci ba ya sayen zane. Labaran Littafi Mai Tsarki da ya zana na gidaje ne, wasu ma kamar don kansa. Dawowar ɗa mubazzari, labarin Luka sura 15 na ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa ya dawo, uban ya karɓe shi, yayansa ya ji haushi, ya zana shi a ƙarshen rayuwarsa, bayan ya karye a 1656 an yi gwanjon kayansa, ya binne matarsa Saskia tun 1642, ɗansa Titus kuma ya rasu a 1668, shekara guda kafin shi. Zanen yana gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Ɗan ya durƙusa ya ba mu baya, kai a aske, riga tsumma, takalmi ɗaya ya fice, ɗayan ya cinye. Uban ya sunkuyo cikin jan mayafi, idanu kamar ba sa gani, ya ɗora hannu biyu a bayansa, ɗaya faffaɗa mai ƙarfi, ɗayan siriri mai laushi. A nan ba za ka iya nuna taga ko kyandir ka ce ga tushen hasken ba. Ya taru ne a goshin tsohon da hannuwansa da bayan yaron, ɗumi gare shi kamar garwashi, ba ya yanka irin na Caravaggio. A dama wani mutum na tsaye ƙiƙam, wanda akasari ake ɗauka yayan ne. Haske ya taɓa fuskarsa, hannuwansa kuwa a harɗe cikin inuwa. Tsakaninsa da uban akwai fili mai duhu da taki biyu zai rufe, bai taka ba. A wurin da haske yake, Rembrandt ya tara fenti da kauri har ya yi tudu yana kama hasken ɗakin da aka rataye shi, a wurin duhu kuwa siriri ya shafa, launi kan launi. Wannan ne wayarka ke mayarwa baƙi ƙirin, alhali a gaban zanen akwai mutane tsaye a cikin duhun, sai idonka ya saba suke fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya wani duhun ma datti ne. Man da ake shafa wa zane don kariya yana yin ja da baƙi in ya tsufa, ga hayaƙin kyandir na ɗaruruwan shekaru. Babban zanen Rembrandt na 1642 da aka laƙaba wa sunan sintirin dare, da aka wanke shi sai ga shi ashe da rana ne. Amma ko bayan wanki, waɗannan da na lissafa maka duhunsu na nan, kuma shi ya bambanta su da hotunan kalanda da ake sayarwa a bakin titi, masu haske ta ko'ina da kibiyoyin walƙiya daga ƙirji. Waɗancan sun gama faɗa maka komai kafin ka tsaya. Su kuwa waɗannan sai ka jira, jiran ne kuma masu ibada suke nema a wurinsu.

Don aikinka, nemi hoto mafi girma da za ka samu a shafin gidan tarihin da zanen yake, ka buɗe a kwamfuta in da hali, da dare, ka kashe fitilar ɗaki, ka ba shi minti goma ba ka taɓa komai ba. Sannan ɗauki fensir da takarda ka zana wuraren haske kaɗai, ka bar sauran. A Kiran Matiyu za ka ga abin da ya rage fuskoki ne da hannuwa, jere kamar layin rubutu daga dama zuwa hagu.

Za ka kuma ci karo da gardamar da masana ba su gama ba: wane ne Matiyu a cikin biyar ɗin? Mafi yawa sun ce mai gemun da ke tsakiya, wanda ya zaro ido ya nuna ƙirjinsa kamar mai cewa "Ni?", hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce, don a sauran zane biyu na ɗakin Matiyu mai gemu ne. Wasu sun ce yatsan nasa saurayin ƙarshen tebur yake nunawa, yana tambaya "Shi?" Paparoma Francis ya faɗa a wata hira a 2013 cewa in ya zo Roma yakan je ya tsaya gaban zanen, kuma yana ganin kansa a mutumin da aka nuna da yatsa yana ƙanƙame da kuɗinsa. In malaminku ya tambaye ka a jarrabawa, rubuta mai gemun ka kawo hujjar. Ni dai da fitilar akwatin nan ta mutu, aka sake jefa kuɗi ta kama, saurayin idona ya koma, wanda hasken ya riga ya kai kafaɗarsa shi bai ɗago ba tukuna.